Rigar Yarema a Ɗakin Zafi

A waje Winnipeg ta daskare,
bas ɗina sai ta yi tari kafin ta tashi.
A ciki kuwa, saman shagon burodi,
an hura ɗaki har arba'in a ma'aunin zafi.
Likita ce ta ce in gwada yoga saboda gwiwa.
Ba ta ce mini ga abin sakawa ba.

Ranar farko na shiga da rigar Yarema,
ta auduga, fara, mai faɗin kafaɗa,
wadda yake yankan ciyawa da ita kafin ya rasu.
Na ce auduga ai uwar tufa ce,
ba ta taɓa ba ni kunya ba.
Minti goma, ta sha gumina ta ƙoshi,
ta yi nauyi kamar bargon da aka tsamo daga kogi.
In na sunkuya ta zubo mini a fuska,
in na ɗago ta manne mini a baya,
muna ta kokawa, ni da rigar mamaci,
Malama Sharvani na ƙirga numfashi.

Da aka tashi ta zo, tawul a wuya,
ta ce, "Orysia, auduga marowaciya ce a nan,
ta karɓa, ba ta saki.
Nemi yadin da ke miƙa wa iska gumi."

Asabar na je kanti a titin Osborne.
Yarinyar, Maëlle a rubuce a ƙirjinta,
ta jero mini kaya ƙanana kamar na 'yar tsana.
Na ɗaga wani wando da yatsu biyu,
na ce, "Wannan ina sauransa?"
Ta yi dariya har da riƙe ciki.
Ta ce ban da mai zik, yana cizo in kin kwanta rub da ciki,
ban da ruwan toka, yana tona asirin jiƙa,
ban da mai faɗin ƙafa, zai sulale zuwa cinya
da zarar kin ɗaga diddige sama.
Ta ce in tsuguna gaban madubi
in ga ko yadin zai yi shara-shara.

Na ja labule.
Shekara ashirin da shida a bayan sitiyari,
cikin yunifom mai maɓalli har wuya,
ban san na tara jiki haka ba:
tabon da Halyna ta fito duniya ta wurinsa,
ɗinkin gwiwa, ja har yanzu,
kamar zik ɗin da aka hana ni,
damatsa masu lilo.
Madubin kanti ba ya ƙarya, ba ya jaje.
Na tsuguna. Gwiwa ta yi ƙara.
Wandon ya rufa mini asiri.

Na sayi baƙi, mai tsayawa a sharaɓa,
da riga marar hannu, kalar jar albasa,
mai riƙe ƙirji ba tare da shaƙewa ba.
Kuɗin cefanen kwana huɗu.
Na biya ina tsaki.

Talata na shimfiɗa tabarmata a layin baya.
Gumi ya fito, ya gangara, ya kama gabansa,
babu mai ja na ta baya.
Tsohon da ke gefena, daga shi sai gajeren wando,
bai ko dube ni ba,
kowa na fama da tasa ƙafar.
Na tsaya a kan guda har numfashi uku.
A na huɗu na dafa bango.

Rigar Yarema na cikin jaka, a ninke, a bushe.
Bayan wanka ita nake fara sakawa,
sai suwaita, sai kwat, sai hular ulu,
in sauko ta cikin ƙamshin burodi
in tsaya a tasha, dusar ƙanƙara na sauka,
tururi na tashi daga wuyana,
ina jiran bas ɗin da wani ke tuƙawa.